Ku Masu Cin Bashin Taki, Me Ya Firgita Ku a Bashin Karatu?

Daga Kimba zuwa Jega, ka nufi Maiyama ko ka karkata Aliero, in kana so majalisa ta kaure da musu, ambaci NELFUND, asusun ba ɗalibai rance, kawai ka ja gefe. Kafin ka rufe baki wani dattijo ya tura hula ƙeya: "Wanga bashi ba mu son shi. Wa ka ba ka kuɗɗi hakanan? Akwai abin da sunka ɓoye." Allah ya ja da ranka Baffa, na ji. Zargin hukuma a wannan yanki gado ne, jikokin Abdussalami Bagimbane, malamin nan na zamanin jihadi, ba a san su da saurin cewa to ba, Sarkin Gobir ma ya gwada tanƙwara kakan nasu. Zargin naku yana kan hanya, sai dai kun tsare ƙofar gida alhali ta katangar baya ake haurowa.

Ga abin da ake ta gardama a kansa. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai a watan Yunin 2023. Waccan ta farko ta zo da sharuɗɗan da ko ni sai na gudu: sai abin da iyayen yaro ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauya. Ɗan manomi a Kimba ina zai samo lauyan da zai tsaya masa? Aka soke ta, aka yi sabuwa a Afrilun 2024, aka cire masu tsayawar, aka cire maganar samun iyaye, sannan aka buɗe shafin nema a intanet ranar 24 ga Mayu. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, shi kuma ɗalibi a riƙa sa masa naira 20,000 a wata ta cefane. Babu kuɗin ruwa ko sisin kwabo. Ba a fara bin yaro sai ya gama bautar ƙasa da shekara biyu, sannan a riƙa yankar kashi 10 cikin 100 na albashinsa. Wanda bai sami aiki ba yana da damar ya yi rantsuwa a ɗaga masa, wanda kuma ya riga mu gidan gaskiya a yafe.

To Malam, kai da ka gyara rawani ka ce kana tsoron riba, nuna mini inda take. Wanda ya ci ɗari zai biya ɗari. Kai kuwa Alhaji na Aliero, bari in tona maka asiri kaɗan. Ba kai ne duk shekara kake karɓar taki da man injin ban-ruwa a hannun ɗan kasuwa ba, a kan za ka biya da buhunan albasa ranar cira, lokacin da albasa ta fi kowane lokaci arha? Shi ya kwashe ya adana, bayan 'yan watanni ya loda mota zuwa kudu ya sayar ninki. Wannan ka sa masa suna taimakon juna, kana ma yi masa addu'a. Amma da aka ce ga rance babu ƙari don ɗanka ya karanta injiniya a jami'ar da kake hango rufinta daga gonarka, wadda aka kafa tun 2006, sai ka tuna kai mai tsantseni ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, naka dai ka iya lulluɓe shi da babbar riga.

Mu ɗan buga lissafi, tunda 'yan kasuwar Jega ba sa yarda da magana sai sun ga alƙalami. A ƙaddara yaro ya fito da bashin naira miliyan ɗaya, ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashin Jihar Kebbi, naira 75,000. Za a riƙa cire masa 7,500 a wata, ya shekara goma sha ɗaya yana biya. Ya yi tsawo? Ya yi. Amma ku tuna a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Miliyan ɗayan da ya ci yau ba ita ce zai mayar ba, inuwarta zai mayar. In akwai wanda ya kamata ya kasa barci a wannan ciniki, mai ba da rancen ne.

Sai ku samari, masu dariya a bayan Baffa, kada ku ɗauka kun tsira. Na ji irin taku fatawar: "Ai rabonmu ne na arzikin ƙasa, wa zai biya?" Har wani ya riga ya saka kuɗin cefanen wata uku a sabuwar waya. Iyayenku ma sun taɓa yin wannan dabara. Gwamnatin Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, aka ci aka goge baki, hukumar ta durƙushe, Bankin Ilimi da aka yi wa doka a 1993 kuwa bai ma tashi ba. Amma a wancan zamani mutum na iya sauya gari ya ɓace. Yau da BVN ɗinka ka nema, da lambar NIN, da ta JAMB. Duk inda albashinka ya faɗo suna gani. Wanda kuma ya yi ƙarya don ya kauce wa biya, doka ta tanadar masa shekara uku a gidan kaso.

Abin dariyar ma, yayin da ku kuke ta ja-in-ja a gindin bishiya, 'yan uwanku na Arewa sun daɗe da shiga layi. Jami'ar Maiduguri da ta Bayero a Kano suna sahun gaba a yawan waɗanda suka karɓa, yankin kudu maso gabas ne ma aka yi ta lallashi ya nema. Ashe ba duka ba ne muke baya.

Akwai kuma Kawu, wanda ya yi jami'a tun muna Jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991. Shi nasa ƙorafin daban ne: "Mu a zamaninmu kyauta munka yi karatu, har kaza muna ci, ga alawus na jiha. A maido muna sikolashif, ba bashi ba." Kawu, a nan kam na cire maka hula, ko da yake ka manta cewa kazar ta fara guduwa tun 1978, lokacin da ƙarin kuɗin abinci ya haifar da boren "Ali Must Go" har aka rasa rayukan ɗalibai a Zariya da Legas. Ka kuma manta ku nawa ne a ajinku. Yau masu zana JAMB a shekara sun doshi miliyan biyu. Hukumar tallafin karatu ta jiha tana nan, ba a rufe ta ba, amma duk uban da ya taɓa jiran tallafin jiha, a kowace jiha ta Arewa, ya san ba ya zuwa ranar da makaranta ta ce za ta rufe rajista. Yakan zo ne idan ya ga dama, kuma ya fi ganin dama in zaɓe ya matso. Kano ta biya wa ɗalibanta 7,000 na Jami'ar Bayero kuɗin rajista a 2023, an yaba, amma wannan alherin gwamna ne, in wani ya hau yana iya cewa bai san zancen ba. Ita kanta gwamnatin tarayya a 2025 ta sanar da daina tura ɗalibai ƙasashen waje a ƙarƙashin yarjejeniyar BEA, bayan waɗanda ke Maroko da Rasha sun yi ta kukan rashin alawus.

Yanzu ga katangar bayan da na ce ku duba. A shekarar da aka cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista, wasu fiye da ninki. Ranar da kowace makaranta ta tabbata akwai asusun da zai biya, me zai hana ta sake ƙarawa? Ranar da gwamnan jiha ya ga ɗalibansa suna cin rance daga Abuja, me zai sa ya ci gaba da ware kuɗin tallafi? Wannan shi ne tsoron ƙungiyar malaman jami'a ASUU, kuma ba tsoron banza ba ne. Ɗan garinku Farfesa Attahiru Jega ne ya jagorance ta daga 1988 zuwa 1994, a zamaninsa aka matsa wa soja har aka sa wa kamfanoni harajin ilimi, wanda ya haifi asusun TETFund na yau, mai gina yawancin dogayen benayen da kuke gani a manyan makarantu. A ƙudirin haraji na 2024 an so a janye wa TETFund kasonta a hankali a mayar wa NELFUND, sai da aka yi ca sannan aka fasa. Ku duba Amurka, inda mutum sama da miliyan 40 ke ɗauke da bashin karatu da ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, wasu har sun yi furfura ba su gama biya ba. Nasu da kuɗin ruwa, namu babu, amma hannun da ya rubuta babu yana iya gogewa. A 2025 kuma an yi ta zargin wasu makarantu da karɓar kuɗin ɗalibai su yi gum, yaro ya sake biya daga aljihun ubansa, har hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ta shiga bincike. Irin wannan ne nake so in ji Baffa yana bugun ƙasa da sanda a kai. Ya tura yaron ofishin kuɗi na makaranta ya tambaya ko an turo, in an turo bayan ya biya, a mayar masa da nasa.

Gwaggo kuma, da kika ce mace ba ta cin bashi kada ta kai wa miji kaya, bashin nan a kan albashinta yake, ba a kan sadakinta ba. Asibitocinmu na karkara ungozoma suke nema ruwa a jallo.

Saura abu guda da ya fi riba da tarko kayar da yaranmu a shafin nan, kuma ku kuka jawo shi. Sunan yaro a JAMB Muhammad, a banki Mamman, a NIN Muhammadu, ranar haihuwa kuwa kala uku, don Baffa ya rage masa shekara biyu lokacin firamare, Kawu ya sake rage ɗaya saboda aikin soja. Kwamfuta ba ta san kara ba, ba ta kuma san kai ɗan gidan Hakimi ne ba. Kafin a gama gyara takardun an cinye zango guda, a dawo majalisa ana cewa ai dama mun faɗa, 'yan Kudu kawai suke ba.