Zuwa Ga Sarkin Shara Na Cikin Lua

Ranka ya daɗe,

Wannan takarda daga Jajimaji ta fito, a Ƙaramar Hukumar Karasuwa, da yawun masu koyon rubuta manhaja a kan kwamfutoci kwance waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta taka kara ta karya ba. Mun san gidanku. John McCarthy ne ya ƙirƙiro kakanka a 1959 saboda harshen Lisp, harshen Lua da kake wa aiki kuma an haife shi a wata jami'a ta birnin Rio, ƙasar Brazil, a 1993. Dattijo ne kai, shi ya sa muka zo da ladabi.

Mun gwada ka. Muka ƙirƙiri tarin tebura, muka auna nauyinsu da collectgarbage("count"), muka sake su, muka naɗe hannu muna jiranka. Shiru kake ji. Ashe an rubuta maka 200 a takardar aiki, wato ba ka ɗaukar tsintsiya sai kayan da ke ƙwaƙwalwa sun ninka abin da ka bari a sharar baya. Haba dattijo! Da haka ake jiran kacalla ta ninka a dausayin Haɗejiya da Nguru kafin a sa mata lauje, ai da tuni masunta sun sayar da jiragensu.

Sai da muka kira sunanka da "collect" ka fito. Nan ma duk teburin da aka ɗaura wa __gc, sai ka yi masa sallama a zagayen farko, ka dawo a na biyu ka kwashe. Wannan kara ta yi yawa.

Babban ƙorafinmu kunyarka ce. Matuƙar wani suna yana riƙe da abu, ko da mai shi ya manta da shi tun bara, ba ka taɓawa. Yaro ya manta "local" sau ɗaya, kaya su yi zamansu har a rufe manhajar, kai kuwa kana wucewa ta gabansu kana gaishe su.

An ce tun Lua 5.4, ta 2020, an koya maka fara duba sababbin kaya, tunda su suka fi saurin mutuwa, amma sai an roƙe ka da "generational". To ga shi mun roƙa. Ka riƙa leƙo mu da wuri, kafin batir ya ƙare.

Naka mai biyayya,
Wani ɗalibi daga Jajimaji