Yadda Ake Rasa Ɗa a Dara Ba Tare da An Buɗe Zaman Makoki Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin bedi da la'asar a Maraɗi, inda dattawa suka tona gurabe 30 cikin rairayi, ya san dara ba ta da wuyar koyo. Kowa da 'ya'yansa 12, wannan tsinkaye, wancan tsakuwa. Ka jera uku, ka ɗauke ɗan abokin karawarka guda. Yaro ma yakan haddace wannan kafin shayi ya tafasa. Abin da ke gagarar masu furfura shi ne darasi na biyu, wato a zare maka ɗa daga gurbi kana kallo, ka haɗiye, ka kuma yarda da hukuncin wanda aka ɗora wa raba gardama. Ga 'yan shawarwari ga mai wannan lalura, tun da asibiti ba ta da maganinta.

Da farko ka kwantar da hankalinka, cutar ba taku ce ku kaɗai ba. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons, wanda in ka duba da kyau tatsuniya ce aka haɗa ta da ludo. Kowane ɗan wasa zai ƙago jarumi a takarda, ya raɗa masa suna, ya ba shi takobi ko tsafi, sannan mutum ɗaya ya riƙa jan labarin, shi ne dodo, shi ne daji, shi ne alƙali. In aka shiga haɗari sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20. Mutum zai shekara yana renon jaruminsa, rana ɗaya lamba ta ƙi fitowa, mai jan labari ya ce ya faɗa rami ya mutu. A 1978 Gygax ya fitar da wani labari na kabarin matsafi wanda ya yi suna wajen hallaka jarumai, kuma mutane suka yi ta sayensa. Suna da dalili: wasan da ba a asara a cikinsa miya ce ba gishiri.

Saboda haka matakin farko, ka so ɗanka amma kada ka yanka masa ragon suna. Tsinke ne, daga karan dawa aka ɓalle shi, kuma gobe akuya za ta iya tauna shi. In aka cinye shi, an yarda ka yi salati sau ɗaya, ka gyara hula, ka ce rana ce ta haske maka ido. Wa'adin makoki yana ƙarewa da zuwan kofin shayi na biyu. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka miƙe zumbur ka ce ka ji kiran salla alhali ladan bai ko yi alwala ba, ƙafarka kuma ta bi ta kan gurabe ta shafe su wai bisa kuskure. Wannan dabara ta tsufa, 'yan kallo sun san ta tun daga unguwar Zariya har ta Bagalam.

Mataki na biyu ya shafi alƙali, kuma a nan masu ƙorafi ke da ƙarfi. Za su ce ai mutum ne, yana gyangyaɗi, wani lokacin ma surukin abokin karawarka ne. Gaskiya ne. Amma a gwada wasa ba shi a gani: kowane motsi sai an yi shari'a, magariba ta yi ba a ci ɗa ko guda ba. A dubi kokawa. Tun da aka soma gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ƙato mai layu har gwiwar hannu yakan fita fili don wani siririn mutum ya hura usur. Da kowane ɗan kokawa shi ke yanke wa kansa hukunci, da har yau ba a kammala karon farko ba. Don haka in an yanke, ka ce «Na ji, Baba», ka adana ƙararka sai an tashi. In ta tabbata yana da son kai, gobe ku naɗa wani. Ikonsa aro ne, kamar na mai tatsuniya da ba ta iya buɗe baki sai yara sun amsa mata ta zo su ji ta. Shi ma alƙali ya riƙe wannan: ranar da 'yan wasa suka kwashe tsinkayensu, shi dattijo ne kawai zaune a rairayi.

Wani zai ce wannan koyar da ragwanci ne, namiji ba ya karɓar kaye. To ya tambayi garin da yake zaune. Katsinawan da suka rasa birninsu a 1807 su suka kafa sarautarsu a Maraɗi. Gobirawa sun rasa Alƙalawa a 1808, suka sake shan kashi a Gawakuke a 1836, sannan suka kafa Tsibiri. Ba wanda ya kira su ragwaye, domin sun yi shekara da shekaru suna komawa fagen fama. Sun dai gane cewa wancan zagayen ya wuce, suka tona sababbin gurabe. Da Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi a 1945, ba a tsaya shari'a da ruwa ba, tudu aka hau. Manomin Jiratawa ma zai gaya maka zogale sai an sare shi yake yin tofo mai kyau. Mutanen da suka rasa birni suka gina wani, jikansu bai kamata ya yi gaba da maƙwabci saboda tsakuwa ba.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma aka fi kasawa: ka miƙa hannu, ka biya kuɗin sukari in kai aka ci, ka dawo gobe da wuri ka kama wurin da rana ba ta haske ido. In kuma duk wannan ya gagare ka, akwai muƙamin da ba a taɓa cinye mai shi ba tun da aka ƙago dara. Ka koma bayan 'yan wasa ka tsuguna, ka zama ɗan kallo, ka riƙa faɗin abin da da kai ne za ka yi.