Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji Afdet

Ranka ya daɗe,

 Mai wannan takarda ya rubuto ne a madadin bayin Allahn da suka kwanta da hotunansu a cikin kwamfuta, suka wayi gari ka zo ka tafi. Sun so su zo ƙafa da ƙafa, to amma kai ba a samunka a gida. Kai ne mai zuwa, kuma a lokacin da ka ga dama. Sai dai mutum ya ga allo ya rikiɗe, 'yan ɗigo-ɗigo suna ta zagaye, an rubuta masa cewa aiki ya kai kashi 30, kada ya kuskura ya kashe na'urarsa.

Ba wai ƙin ka ake yi ba. A watan Mayun 2017, lokacin da ƙwayar WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Birtaniya, kwamfutocin da suka karɓe ka tun watan Maris sun tsira, don kai ne ka toshe ɓarakar da ta bi. Wannan alherin yana nan a rubuce. Maganar yau ta hotuna ce.

Ka tuna ranar 2 ga Oktoban 2018? Ranar ce ka fito da sabuwar riga, aka yi maka laƙabi da Windows 10 mai lamba 1809. Masu ɗoki suka danna maɓallin nemanka da hannunsu, ka shiga, ka yi abin da za ka yi, kwamfuta ta sake tashi. Wasu suka buɗe foldar takardu da ta hotuna suka tarar wayam. Suka leƙa kwandon shara, nan ma ba komai. Wani bawan Allah ya kai kuka ga Microsoft cewa ka share masa giga 220, aikin shekara 23. Kafin mako ya zagayo kamfanin ya janye ka daga kasuwa, abin da ba a saba gani ba, kuma ba a sake sakinka ba sai 13 ga Nuwamba.

Dalilin ya fi ɓarnar ban haushi. Windows tana bai wa mutum dama ya ce mata daga yau foldar hotunansa ta koma wani faifan, ko ta koma rumbun intanet na OneDrive. Mutane da yawa sun yi hakan, amma tsofaffin fayilolinsu suka ci gaba da zama a tsohon wurin. A zuwanka na Afrilun wannan shekarar ka bar wa irin waɗannan mutane tarkacen foldodin da babu komai a ciki, aka yi ƙorafi, sai aka ce idan ka dawo a Oktoba ka kwashe su. Kai kuma ka zo da zafinka. Kamar mutumin da ya tare a sabon gida ya bar akwatin ƙarfensa a tsohon ɗaki, kai kuwa da ka ga adireshi ya canja sai ka rushe ɗakin ba tare da ka tura ƙofa ka leƙa ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Kuma an faɗa tun da wuri. Masu gwajin Windows na sa-kai sun kai rahoton wannan matsala watanni kafin a sake ka, sai dai a akwatin ƙorafin kamfanin, kukan da ya fi tara ƙuri'a shi ke hawa sama. Mutum dubu da ke gunaguni a kan launin allo sun fi mutum biyar da suka rasa komai amo. Sai bayan da aka yi ɓarnar aka ƙara wurin da mai ƙorafi zai nuna girman abin da ya same shi.

Da kamfanin ya tashi bayani, sai ya ce abin ya shafi kashi ɗaya cikin ɗari na kashi ɗaya cikin ɗari, wato mutum ɗaya a cikin 10,000 na waɗanda suka ɗora ka. Ƙila lissafin daidai ne. To amma a nan ne kai da masu hotuna kuka raba hanya, Alhaji. Kai da kaso kake ƙidaya, su kuwa da ɗai-ɗai. Duk manhajar da ka lalata ana iya sake sauko da ita. Waƙa da fim suna hannun dubban mutane. Hoton da aka ɗauki kaka tana riƙe da jariri ranar suna, wata uku kafin rasuwarta, guda ɗaya ne a duniya, sunansa IMG_0412, kuma a idonka ba shi da bambanci da tarkacen da aka ce ka kwashe.

Kada ɗan'uwanka na gidan Apple ya yi dariya, shi ma da nasa kashin a gindi. A 2009, wasu masu kwamfutar Apple da suka hau manhajar Snow Leopard sun shiga asusun baƙo, da suka dawo nasu asusun suka tarar an share shi tas, sai a Nuwamba aka gyara. Big Sur yana buƙatar sarari har giga 35.5, amma ya riƙa fara aiki ba tare da ya duba ko akwai wurin ba, ya maƙale a tsakiya, waɗanda suka kulle faifansu da FileVault suka shiga uku, har zuwa Fabrairun 2021. Catalina kuwa a 2019 bai share hoton kowa ba, sai dai iPhoto da Aperture, manhajojin da mutane suka shekara da shekaru suna tsara hotunansu a ciki, sun daina tashi. A Mayun 2024 ma abin ya juye: iOS 17.5 ya dawo wa masu iPhone da hotunan da suka goge da gangan tun shekarun baya. Wanda ake so ku ajiye kun zubar, wanda aka zubar kun tsinto. Allah kaɗai ya san gidajen da aka yi zaman sulhu a wannan makon.

Sau da yawa ma ba share hoton kake yi ba, ɓoye shi kake, kuma wannan ya fi yaudara. A Fabrairun 2020 ka zo da lamba KB4532693, wasu suka kunna kwamfuta ta buɗe musu asusun wucin gadi: allo fes, babu fayil ko ɗaya. Kayansu suna nan a faifai, ka dai canja wa foldarsu suna ka liƙa mata .000 ko .bak a ƙarshe. Wanda ya san wurin dubawa ya samu abinsa cikin minti kaɗan. Wanda bai sani ba hankalinsa ya tashi, ya saɓi laftof sai shagon mai gyara. A garuruwan nan kuwa, daga Kano har Maraɗi, an san maganin da ya fi saurin fitowa daga bakin mai gyara idan kwamfuta ta rikice: “Sai an yi mata fomatin.” Hotunan da ka bari da ransu a nan ake yi musu jana'iza.

Haka ma foldar nan Windows.old da kake bari a baya, inda tsohuwar manhaja take, wani lokaci har da kayan mai kwamfuta idan an ɗora sabuwa a kan tsohuwa. Kwana 10 kake ba ta, daga nan a share. Mutum nawa ne ke buɗe hotunan bikin ƙanwarsa duk kwana goma? Sai Sallah ta zo, an taru, an ce a nuno wa baƙi, sannan a gane.

Abin da ya sa aka ga wasiƙar nan ba za ta jira ba shi ne ranar 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ta yanke wa Windows 10 tallafin da ta saba ba ta. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin laftof na gwanjo da yawa ba su da shi. Su ne kuwa a hannun ɗalibai da malaman makaranta da masu ɗaukar hoton biki. Mafita a wurin da yawansu ita ce a ɗora sabuwar daga filash. A ce ga mai hoto tsaye a kan mai gyara. An soka filash, an danna nan an danna can, sai ga wani allo da jerin sassan faifai: na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da girmansa, babu wanda aka rubuta wa “hotunan amaren bana”. A ƙasa ga maɓallin gogewa, ga na fomatin. Mai gyara yana da mutum huɗu a layi, wayarsa tana ƙara. Ya ɗaga kai ya ce, “Akwai wani abu mai muhimmanci a ciki?” Mai hoto ya tuna ya tura wa kowace amarya nata ta WhatsApp, ya ce babu. Abin da ke WhatsApp ɗin matsattsen kwafi ne da ba zai yi kalanda ba, balle babban firem.

Ga kuma sabon salon da ka ɓullo da shi. Tun daga Windows 11 ta 24H2, idan aka ɗora ta sabuwa aka shiga da asusun Microsoft, sai ka kulle faifan gaba ɗaya da BitLocker ba tare da dogon bayani ba. Dabara ce mai kyau ranar da ɓarawo ya ɗauke laftof. Amma ranar da wani abu ya motsa a cikin na'urar ka nemi mabuɗi, lambobi 48 ne, kuma suna cikin wancan asusun. Idan yaron shago ne ya buɗe asusun da imel ɗin da shi kansa ya manta, to hotunan suna nan daram a faifai, sai dai babu mahalukin da zai sake ganinsu. Ba a ma yi maganar batirin da ya mutu tun bara ba, da wutar da za a ɗauke kana tsakiyar aiki.

Za ka ce ai ga OneDrive. Giga 5 ne kyauta, bikin yini biyu ya cinye shi. Google ma ta rufe ƙofar ajiyar hoto kyauta marar iyaka tun 1 ga Yunin 2021. Sannan aikin irin wannan rumbu shi ne ya daidaita can da nan, don haka abin da aka goge a kwamfuta can ma gogewa yake, sai dai a ci sa'a a tarar da shi a kwandon shara kafin kwana 30 su cika.

Saboda haka jama'a sun yanke shawara, kuma an ga ya kyautu ka ji daga bakinsu. Kafin a buɗe maka, za a kwafe hotuna a faifan waje, a duba adadin fayilolin can da na nan a ga sun yi daidai, a buɗe wasu a tabbatar suna buɗuwa, sannan a zare igiyar faifan a sa shi a durowa inda hannunka ba ya kaiwa. Masu hali za su bi ƙa'idar da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gidan daban. Mabuɗin BitLocker kuwa a takarda za a rubuta shi da biro. Wanda kuma ka riga ka yi wa aika-aika, an ce masa ya daina amfani da kwamfutar nan take, kamar yadda Microsoft da kanta ta shawarci mutane a 2018, domin duk sabon abin da aka ajiye yana iya hawa kan gurbin hoton da aka goge. Manhajojin PhotoRec da Recuva sukan tono wasu a tsohon faifai mai juyawa. A sabon faifai na SSD kuwa, wanda ke share gurbin da kansa, sai dai addu'a.

Buƙatar masu ƙorafi ba ta da yawa. Kai da kake iya auna zafin na'ura da saurin intanet, ƙirga hotuna ba zai gagare ka ba. Ka ƙirga su kafin ka fara, ka ƙirga bayan ka gama, idan lissafi bai zo daidai ba ka tsaya ka faɗa da babban rubutu. Folda kuma, ko an ce maka kango ce, ka buɗe ta tukuna. Sannan a rage wannan daɗin bakin da kake rubutawa a allo cewa duk fayiloli suna nan inda aka bar su, har sai ka duba.

An san Talata ta biyu a kowane wata kana tafe, kamar kullum. Ba sai ka wahalar da kanka wajen neman wannan wasiƙa a foldar takardu ba. Kwafinta uku ne, ɗaya an buga shi a takarda yana wurin gwaggo a Zariya, ita kuwa ko wayar shafa ba ta da ita.

Haza wassalam,
Wakilin masu hotuna