Wasiƙa Daga Ingila: Sukuwar Ƙarshen Shekara

Zuwa ga taubashina, sarkin tafiyar hawainiya,

Ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara, da Kawu da Inna. Yaya jikin tsohuwar Fijonka? An ce har yanzu sai yaran unguwa sun taru sun tura ta kafin ta yarda ta yi tari. Allah Ya ba ta lafiya, su kuma Ya ba su ladan turi.

Saƙonka ya iso, inda kake tambayar nawa aka ba ni a tseren motar da na yi don ka san kason da za ka yanka. To gyara zama, ka kurɓi ruwa: ko sisi ba a bayarwa. Mu ne ma muke biya, ɗaruruwan fam a kowane zagaye, ban da taya da mai. Wannan ba Formula 1 ba ce da kake kallo a gidan ƙwallo idan babu wasa. Tsere ne na masu sha'awa, mutanen da ranar Litinin kowa yake komawa bakin sana'arsa. A cikinmu akwai malamin makaranta, da mai gyaran famfo, da wata ma'aikaciyar jinya wadda in ta shige ka a kwana sai ka rantse aljani ne, ga kuma ni bakanike. Mota iri ɗaya muke ja duka, Mazda MX-5 ƙirar farko wadda ta fara fitowa a 1989, mai kujera biyu da injin lita 1.6. Doka ta hana a yi wa injin ƙarin da zai fi na kowa, saboda haka kuɗi ba ya sayen gaba, sai hannu da ƙafa.

Zagayen ƙarshe a Brands Hatch aka yi, cikin yankin Kent, kudu maso gabashin Landan. Fili ne mai tarihi. Sau 12 ana yin babban tseren Birtaniya a nan tsakanin 1964 da 1986, a nan kuma Nigel Mansell ya fara cin tseren Formula 1 a 1985. Mu gajeriyar hanyar muka bi, wadda ba ta cika kilomita 2 ba, muna kewaye ta cikin kusan minti ɗaya. Kai da Fijonka, na lissafa, za ku fara bayan Azahar ku gama a kan kiran La'asar.

Kwanar farko, Paddock Hill, ita ce abin ba da labari. Za ka taho a guje ba ka ganin inda titin ya nufa, sai kawai ya karya dama ya gangara kamar an tura ka rijiya, hanjinka ya taso maƙogwaro. Kana isa ƙasa nauyi ya danne ka a kujera, titin ya sake miƙewa sama zuwa Druids, kwana mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Wanda ya yi gaggawar take totur a Paddock, tsakuwar da aka shimfiɗa a gefe ce za ta karɓe shi, ya zauna a ciki yana kallon 'yan'uwa suna wucewa. Shekara uku ina wannan harka, abin da na fi koya shi ne birki: inda za ka taka, da yadda za ka sake shi a hankali kamar mai sauke kwandon ƙwai.

Da safiyar Asabar aka duba motoci ɗaya bayan ɗaya. Sun duba ƙarafan da aka gitta cikin mota don kada rufi ya danne mutum idan ta kife, da bel, da tukunyar kashe wuta, da hular kwano, da abin tallafar wuya, da rigar da wuta ba ta saurin ci. Ko bel ne wa'adinsa ya wuce, ba ka shiga, kuma babu wanda za ka ce wa "ranka ya daɗe, a duba mana". Lasin ma sai da na ci jarrabawar tutoci da ta tuƙi kafin aka ba ni, na kuma yi tsere shida da alamar sabon shiga manne a bayan mota.

Bayan tseren Asabar makina ya zo daidai da na wani dattijo Bature mai furfura, wanda tun watan Afrilu muke kai ruwa rana da shi a kan matsayi na uku. Wanda ya riga wani ƙarasawa ranar Lahadi, shi ke da kofi. Ina komawa rumfa sai na ji kulocina ya fara sulɓi, ga ƙaurin ƙuna. Ba ni da wani a ajiye, shaguna sun rufe. Ina tsugune ina tunani sai ga dattijon nan da kwali a hannu, sabon kuloci fil. Ya ce shi ba ya son kofin da aka ci a kan motar da ba ta tashi ba. Ya kwanta a ƙasa tare da ni cikin sanyin Oktoba, yana riƙe fitila, muka sauke giyabos muka mayar. Da na tashi yin sallar Isha ya matsar da kayansa ya ba ni wuri mai tsabta a bayan tirelarsa. Wallahi, taubashi, abin ya taɓa ni ƙwarai. Kai da ko jak aka ara a wurinka sai ka biyo shi da ɗan rakiya, ka ji yadda ake yi.

Lahadi aka tashi da yayyafi. Mu 28 muka jeru, jajayen fitilu suka kama, suka mutu, ƙara ta cika kwarin. Minti 20 ne tseren, amma feshin ruwan tayoyin gaba ya sa ba ka ganin komai sai jar fitilar wanda kake bi. Wata mota ta juya a Clearways, aka ɗaga tuta rawaya, kowa ya sassauta, don an hana wuce wani a ƙarƙashinta. Masu ɗaga tutocin nan, masu kaya ruwan lemo, 'yan sa-kai ne, suna tsaye cikin ruwa tun safe saboda rayukanmu. Da tuta ta sauka na manne wa dattijo. Zagaye huɗu ina nazarinsa, na lura yana buɗe ƙofa kaɗan idan zai shiga Druids. Saura zagaye biyu na jinkirta birki da taki ɗaya, na kutsa ta ciki, muka fito kafaɗa da kafaɗa, ya ba ni wurina, ban taɓa shi ba. Na gama na biyar, shi na shida. Da kulocinsa na ci shi, kuma shi ne ya fara zuwa ya rungume ni. Kofin bai fi kofin shayin Kawu girma ba, yana nan kan talabijin, kuma ba na sayarwa ba ne, kada ma ka fara.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu. An turo mini bidiyon Auta yana wasa da mota a bikin abokinsa, yana juya ta a tsakiyar titi, yara da mata tsaye a gefe, shi ko bel babu. Ban yi barci ba a daren. Mu da muke gudu a nan, kowa hanya ɗaya ya nufa, da shinge tsakaninmu da 'yan kallo, da motar asibiti da likita suna jira, kuma duk da haka ana jin ciwo. Shi me ya tanada idan taya ta fashe? Yaron yana da hannu, na gani, shi ya sa abin ya fi damuna. Ka karanta masa wannan wasiƙa a gaban Inna, ka karɓe makullin. Ka ce masa in ya kiyaye har na zo hutun ƙarshen shekara, hular kwanona ta farko tasa ce, kuma ni da kaina zan zauna kusa da shi in koya masa birki.

A gaida Kawu, a ce masa ina neman addu'a. In an sami mai tahowa, a aiko mini da kuka da daddawa, tawa ta ƙare tun watan jiya.

Naka har kullum,
Ɗan Gwaggonka