Nazari Kan Ɓacewar Bugu Na Huɗu

Ƙirgar bugu, wato raba lokacin kiɗa zuwa taki-taki masu tsawo ɗaya, ita ce darasin farko da ake ɗora wa mai koyon jita, kuma ita ce ta hana wata unguwa barci tun daren wata Litinin, bayan da wani matashi ya kwashi adashinsa ya sayo jitar gwanjo. A ƙa'ida, yawancin waƙoƙin da ake fara koyo da su an gina su ne a kan gaɓa mai bugu huɗu, inda makaɗi zai ce ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya sake komawa ɗaya ba tare da ya tsaya shan iska ba. A aikace kuwa, ɗaya da biyu da uku sukan zo a guje kamar an biyo su, sa'an nan a ji tsit.

Dalilin wannan shiru shi ne canjin kod, wato rukunin tsarkiyoyin da ake dannewa tare domin su ba da amo guda, domin a daidai nan ne yatsun hannun hagu suke tashi neman sabon mazauni, mai jitar kuma ya sunkuya yana jera su ɗaya bayan ɗaya da taimakon hannun dama. A cikin wannan tazara mai shayin bakin layi yakan haɗa kofi, ya soya ƙwai, ya ba da canji, jaririn da aka tasa daga barci ya gama kukansa ya koma, maƙwabta kuwa suna kwance ido biyu suna jiran huɗu, saboda kunnen ɗan Adam ba ya samun sukuni da ƙirgar da aka bari a uku. Idan kod ɗin F ne, wanda ake shimfiɗa manuniya a kan tsarkiyoyi shida gaba ɗaya, to huɗun sai dai a tambayi labarinsa bayan asuba. Abin da ya fi ƙona rai shi ne, maimakon ya ƙarasa, sai ya yi tsaki ya koma ɗaya, kuma wannan zalunci ne tsagwaronsa a kan mutanen da za su fita nema da sassafe.

Maganin da masana suka tanada shi ne metronom, na'urar da Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815, wadda yanzu ake iya samunta a wayar hannu, kuma idan aka saita ta a 60 takan yi ƙas sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Sai dai binciken matashin ya nuna masa cewa na'urar tana da matsala, tunda takan yi gaggawa a wurare masu wuya ta yi nawa a masu sauƙi, laifin da ya fara ɗora wa batir kafin ya mayar da shi kan netwok. Yakan kuma kafa hujja da Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya manta cewa marigayi Ɗanmaraya Jos da tsarkiya ɗaya tak ta kuntigi bai taɓa sa jama'a jiran huɗu ba.

Adalci dai ya buƙaci a duba inda yaron ya taso. Al'ummar da take buga “ƙarfe 10:00 na safe daidai” a katin ɗaurin aure, alhali angon kansa bai karɓo babbar rigarsa daga wurin tela ba sai bayan azahar, ba ta da bakin tuhumar kowa da saɓa lokaci. A nan ne mutum yake cewa “ga ni nan a hanya” yana tsaye da bokitin wanka, a nan ne “yanzun nan” take kwana biyu, kuma telan da ake magana ya riga ya karɓi kuɗin ɗinkin marubucin wannan fili tun kafin azumi, yana ta rantsuwar cewa maɓalli kawai ya rage.