Awon Jini Kafin Magani

Ɗan ƙanwar Kawu ganduroba ne a wani gidan gyaran hali. Ya zo Gummi hutun Sallah, bayan sallar isha'i ana hira a kan tabarma, sai ya shiga yabon aikinsu.

"Mu ba ma wahalar da kanmu, Kawu. Duk wanda aka kawo da laifin fyaɗe, ɗaki ɗaya, wa'azi ɗaya. Da matashin da ya fara yau, da tsohon ƙwaron da ya sha ɓata yaran mutane, duk kanwar ja ce."

Kawu, wanda ya tsufa a aikin jinya, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi.

"Yaro, kana ƙarami a 2010, lokacin da gubar dalma ta faɗa wa Anka da Bukkuyum. Dutsen zinare ake niƙawa a tsakar gida, ƙurar na sauka kan kwanon tuwo. A ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, yara wajen 400 suka tafi. Da likitocin MSF suka zo, iyaye suka yi cincirindo, kowa a ba ɗansa magani. Likitocin suka ce sai an auna jini tukuna."

"Ana mutuwa kuma ana awo?"

"Ana awo. Wanda dalmar jininsa ta kai 45, a fara masa ƙwayoyi. Mai jijjiga, ido ya juye, a kwantar da shi a asibiti, a maimaita masa zagaye bayan zagaye. Wanda bai kai ba, a gyara gidansu, a riƙa duba shi. Maganin nan ba alewa ba ne, yana kwasar har abin da jiki ke buƙata. Da an raba shi daidai wa daida, mai sauƙin ya wahala a banza, mai tsananin kuma bai ƙoshi ba. Ƙauyen Bagega ma sai 2013 aka kankare ƙasarsa kafin a fara ba yara magani, don ba a wanke yaro a mayar da shi cikin ƙurar."

(Masu binciken gidajen yari a Kanada sun faɗi irin wannan tun 1990: cusa mai ƙaramin haɗari cikin riƙaƙƙu yakan ƙara lalata shi. Kawu bai taɓa jin labarinsu ba.)

Yaron ya ce, "Kawu, ai tun 2019 doka ta canza mana suna, gyaran hali muke yi."

"Madalla. Da me kuke awo?"