Ka Rage Shekaru a Takarda, Ƙodarka Ta Sani?

Alhaji, ka rina gemu, ka je kotu ka yi rantsuwa an zabge maka shekara bakwai. Madalla. Saura ka kai wa ƙodarka kwafin takardar, don ita ba a sanar da ita ba.

Na san amsarka: "Ni garau nake, ko Panadol ba na sha." Mun ji. To, ɗauko wayarka ka karanta mana saƙon da ya shigo. A'a, ban da miƙe hannu can nesa kamar mai duba kuɗin jabu. Ba masu ƙera waya ne suka ƙanƙance rubutu ba. Madubin da ke cikin ƙwayar idonka ne ya yi tauri, abin da kan bayyana tsakanin shekara 40 da 45. Tsakiyarsa tun kana cikin mahaifiyarka aka halitta ta, kuma jiki bai taɓa sabunta ta ba.

Kana kuma ƙorafin yaran yanzu ba sa buɗe baki su yi magana. Suna buɗewa, Alhaji. A can cikin kunne akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke kama sauti, wadda ta mutu ba ta da magaji, kuma siririyar murya ce ke fara kuɓucewa. Shi ya sa ta jikoki ke wuce ka, da ta Hajiya, ko da yake ita ta ce nata da gangan kake yi.

Ƙoda ita ce mai kawaici. Kowace ɗaya na da matata kusan miliyan guda, daga wajen shekara 40 aikin tacewar yana raguwa kaɗan-kaɗan, ba zafi ba kumburi. Kai kuma da gwiwa ta motsa sai ka aika kemis a sayo diclofenac, ka ɗora wa baiwar Allah kayan da ba ta iya ɗauka. Tashin nan kuwa da kake yi sau uku cikin dare kana cewa nafila ce, buta ta san gaskiya. Furostet ne, wanda ke ƙarƙashin mafitsara, ya yi girma ya matse hanyar fitsari, kamar yadda yake yi wa kusan rabin mazan da ke tsakanin 50 da 60.

Hajiya, rage dariyar, an zo kanki. Bayan ɗaukewar al'ada, wajen shekara 50, ƙashin mace kan zube da sauri fiye da na namiji. Abayar da ta fara jan ƙasa ma ba laifin tela ba ne: bayan 40 mutum kan rasa kusan santimita ɗaya na tsawo duk shekara goma. Ku ma samarin majalisa da ke tafi, tsoka tun daga 30 take raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma.

Wani zai ce ai kakansa ya kai 90 yana noma. Ban musa ba, hujjata ma ka ƙarfafa. Jiki ba ya tsufa rana ɗaya, kowace gaɓa da nata lissafin. A 2022 masu bincike a Dresden ta Jamus suka gano cewa ƙwayoyin hanta, na saurayi da na tsoho, a matsakaici ba su kai shekara uku ba, saboda kullum sabuntawa suke. A 2023 kuma na Jami'ar Stanford a Amurka suka auna jinin mutum sama da 5,000, suka ga kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka kai 50 yana da gaɓa guda da ta riga sauran tsufa nesa ba kusa ba. Kakan naka fartanya ce ta riƙe masa tsoka, kai kuwa ko masallacin bakin layi a mota kake zuwa.

Taka da ƙafarka, rage gishiri, ka je a auna maka jini da suga da aikin ƙoda ko sau ɗaya ne a shekara. Hawan jini da ciwon ƙoda kan daɗe ba su ce uffan ba, awo ne kaɗai ke tona su.